Keken da Kawu Ya Saya da Sikeli

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi yana duba sikeli a kasuwa. Da safe zai fito da akwatinsa na duwatsun awo, ya bi rumfa rumfa yana ɗora su, wanda ya samu sikelinsa na ha'inci ya ƙwace sikelin a gaban jama'a. Mutum ne da ko kankana aka kawo masa kyauta sai ya auna kafin ya yi godiya. Mahaucin da ke bakin ƙofar kasuwa ya fi kowa shan wahalarsa, don shi babban yatsansa ba ya rabo da gefen sikeli. Kullum Kawu na tsaye a kansa yana cewa, “Ɗauke hannunka!”

Amma wannan mai gaskiyar yana da ƙarya guda ɗaya. Ya daɗe yana ba abokan hirarsa labarin yadda yake tsere da keke a ƙuruciyarsa, alhali bai taɓa hawa ba ko sau ɗaya. Ni kaɗai na sani, ni ɗiyar ƙanwarsa, kuma ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Tsoronsa a duniya kada 'yan kasuwar da ya kunyata su ji.

Bayan ya yi ritaya aka kawo wata gasa garin: a yi iyo a tafki, a fito a yi kilomita ashirin a kan keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Mahaucin ne ya je ya rubuta sunan Kawu, ya kawo masa takardar har majalisa yana washe baki. Iyo dai Kawu ya iya, gudu kuma ya koya wajen bin masu tserewa da sikeli. Na ce ya bari in koya masa keken, ya ce da furfurarsa ba zai faɗi a titi ba. Raina ya ɓaci, amma na raka shi shagon kekuna.

Mai shagon ya dage yana bayani, wannan siririn taya ne don kwalta, wancan sai an auna tsawon ƙafa tukuna. Kawu bai ko saurare shi ba. Ya ciro sikelinsa mai ƙugiya, ya rataye a ƙarfen rufin shagon, ya dinga ɗaga kekunan ɗaya bayan ɗaya kamar cinyar saniya.

“Baba, ba za ka hau ka gwada ba?” in ji mai shago.

“Na gwada,” in ji Kawu. “Kilo tara da giram ɗari biyu.”

A gida ya kwance ƙararrawa, ya kwance kaca da birki da feda, ya auna. Ya cire sirdi, ya sake aunawa. Duk ya zuba su a buhu ya ba ni ajiya. Na ce, “Kawu, don Allah me ya rage a keken nan?” Sai ya miƙo mini takardar gasar, ya ja layi a inda aka ce mutum ya iso tare da kekensa. Babu inda aka ce wa zai ɗauki wani.

Ranar gasa ya fito daga ruwa cikin na gaba-gaba, ya ɗaure hular kwano, ya saɓa keke a kafaɗa ya kama hanya. Mutane na wuce shi fiu-fiu. Wata mata ta tsaya ta ce ko faci ya yi, ya ce lafiya lau. Ina bin sa a gefen titi da ruwa, kunya kamar in nutse, ga tausayi ya cika ni, don ƙarfen ya saɓule masa fatar kafaɗa. Lokacin da ya iso, har an fara naɗe rumfuna. Mahaucin kaɗai ya rage a zaune yana jiransa.

“Malam, keken ne ba lafiya?”

Kawu ya sauke shi a hankali. Ya dubi ƙasa, ya dubi mutumin, ya ce, “Keke lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba.”

Na zaci mahaucin zai fashe da dariya. Sai ya ce ai tun shekarun baya ya sani, wanda ya taɓa hawa keke ba ya cewa birki a ƙafa yake.

Bayan kwana biyu mahaucin ya zo gidanmu da sassafe, ya ce in kawo buhun nan. Shi da Kawu suka mayar wa keken komai a filin bayan gida. Kawu ya hau, mahaucin ya riƙe bayan sirdi da hannun nan nasa, suka tafi suna tangaɗi. Daga inda nake tsaye ina jiyo muryar Kawu.

“Kada ka ɗauke hannunka! Don Allah, kada ka ɗauke!”