Gayyar da Ba a Rama Mana Ba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ne, naira tana sabuwa a hannun mutane. Ƙasarmu ta Gagarawa ƙasar gero ce, amma akwai wata 'yar fadama gabas da ƙauyenmu inda ruwa kan kwanta. Nan maigidana da wansa suka shuka shinkafa, kowa da gefensa. Allah ya ba da damina, gonakin biyu suka nuna tare, kamar an haɗa baki.

Shinkafa kuwa ba ta jiran mutum. In ta nuna ba a yanke ba, kwana kaɗan sai ta kakkaɓe, abin da ya saura tsuntsu ya ɗauke. Shi ya sa ake gayya: yau a taru a taka, gobe a taru a tawa. Aka ce a fara da ta Yaya tunda shi ne babba, jibi a shiga tamu.

Zafin kaka a fadama, wanda bai shiga ba bai san shi ba. Rana ta sama, tururi ta ƙasa, ba iska, ga ƙaiƙayi a wuya. Da hantsi na kai kunu da tulun ruwa, goyo a bayana. Yaya ya ɗago ya ce, "Ajiye can gindin kanya. Ba mai sha sai mun kai wancan suri."

Wani maƙwabcinmu ya ce, "Wancan surin? Ai sai dai gawata ta kai!" Ya yar da lauje ya je ya sha. Maigidana bai je ba. Ƙane ba ya miƙewa wansa na sunkuye. Ina kallonsa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, can kuma sai gumin ya ɗauke, jiki ya bushe. Ni a wautata har na ji daɗi, na ce ya samu sauƙi. Kafin azahar ya kife cikin shinkafa, lauje a hannu. Aka kwantar da shi a inuwa ana kwara masa ruwa, jikinsa kamar tukunya a kan murhu. Aka ƙarasa yankan ba shi.

Ranar gayyarmu na yi sammako na dama kunu, na kai fadama, na zauna. Hantsi ya dubi ludayi, ba kowa sai maƙwabcin nan. Na bi sawu, na tarar da Yaya a masussuka tare da 'yan gayya, suna bugun shinkafarsa. Na durƙusa daga nesa.

"Yaya, shinkafarmu tana zuba."

"Gayya mai gona ke jan gaba. In ya tashi sai a yi."

"A gonarka ya faɗi, Yaya."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Wa ya riƙe masa baki?"

Ni da maƙwabcin muka yanka, kwana shida, ina yi ina kwance goyo in shayar. Abin da muka tsira da shi bai cika buhu biyu ba. Saura ƙasa ta ci.

Maigidana ya tashi bayan mako uku, amma bai ƙara iya tsayuwar rana ba. Ya koma saƙar zana a inuwa har Allah ya karɓi abinsa, kuma kullum safiya sai ya je gaida wansa. Maƙwabcin nan, 'yar da nake goye da ita ɗansa ta aura. Yaya ya yi arziki, ya sauke farali, ya rasu a Gumel da tsufansa. Fadamar ta ƙafe, yashi ya binne ta. Ni kuwa ga ni. An ce in yafe, na ce na yafe, amma ban ƙara dama kunun gayya ba.