Ɗan'azumi Mai Keken Dogo

Kullum hantsi Malam Ɗan'azumi zai saɓa guduma ya bi layin dogo a ƙafa, yana ƙwanƙwasa kowace mahaɗa yana kasa kunne. Baƙo kan tambaya: jirgi a Sundimina? Ina! Guntun layi ne, mil biyu, da kamfanin titi ya bari bayan ya gama kwasar dutse a shekarar 'yancin kai. Shi kuwa mai gyaran keke ne da ƙwaƙwa ba ta barinsa ya zauna. Ya tono ƙafafun taragon jirgi a cikin ciyawa, ya ɗora benci, ya haɗa feda da sarƙa. Sai ga mutum shida suna tafe tsakanin gonakin dawa, biyu na tuƙi, huɗu na ihu.

Me yake saurare a jikin ƙarfe? An sha yi masa tsiya, sai ran wata ƙaramar Sallah aka sani. Mutanen Gwaram sun cika mota sun zo, har shida sun hau keken, sai Malam ya dawo daga ƙwanƙwasa layin gadar rafi ya ce a sauka.

"Haba Malam!" in ji Alhaji Maikuɗi, jagoransu. "Tun daga Gwaram, sai ka ce mu koma?"

"Alhaji, ƙarfen bai amsa ba."

Aka yi masa ca, har da masu cewa girman kai ne. Keken nan kaɗai gare shi, shekara uku yana haɗa shi. Ya sa suka sauka. Ya ɗora buhunan yashi shida, ya tura keken gangare. Yana hawa gada layin ya buɗe, keke ya rufta rafi ya tarwatse. Ashe Sabo maƙeri ne ya zare ƙusoshin layin ya ƙera lauje, wai ƙarfen Bature ba mai shi.

Malam, kai ne ka tsaya bakin rafi kana hawaye, kuma kai ne ka hana a taɓa Sabo. Tare kuka ƙera sabon keke. Yanzu gwiwa ta ce ka huta, shekara goma sha biyar ba wanda ya ko ƙuje a hannunka. Masu ɗaukar jama'a, ku koyi duba abin hawa kafin kowa ya hau. Mun gode, Allah Ya saka. Waɗanda suka zage ka ran nan, su shidan duk suna raye.