Ƙwai a Hankici: Jinjina ga Anti Asama'u

Ƙarfe bakwai da rabi Anti Asama'u Ladan take sauka daga keke a bakin layin dogo na Agege, ta buɗe ƙaramin asibitin idon da ta shekara ashirin da takwas tana aiki a cikinsa. Kafin ta zauna sai ta juyar da fanka ta kalli bango, wai kada iska ta busar da idon mutane tun ba ta duba su ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Goggona Batulu ɗinkin hula take yi, da shi ta raine mu. Shekara biyu da suka wuce ta ajiye allura. Ido ya yi ja, yana ƙaiƙayi kamar an watsa yashi, hawaye ba tsayawa. Ta ɗiga maganin afolo na kemis har ta gaji. Sai ta koma ga abin da ta gada, tana ƙara cusa kwalli can cikin ido safe da yamma. Ranar da ta ce mini ta sallama, makanta ce, raina ya ɓaci ƙwarai. Da ƙyar na ja ta zuwa asibiti.

Anti Asama'u ta haska mata fitila, ta ɗiga wani ruwa mai launin ɗorawa ta ce kada ta ƙifta. Sannan ta matsa gefen fatar idon da auduga.

"Goggo, bushewar ido ce."

"Ke 'yar nan, ido yana zuba kamar famfo ki ce ya bushe?"

"Ruwa ne ba maiƙo. A gindin gashin idonki akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da mai, shi yake hana hawaye bushewa. Naki ya daskare kamar man shanu, ga kwalli ya zauna a bakin ƙofar."

Goggo ta gyara mayafi ta ce ita fa ba a raba ta da kwalli, ko ana ha-maza ha-mata.

"Wa ya ce ki bari? Ki riƙa sawa ta waje, ki wanke kafin ki kwanta."

Ta ce a dafa ƙwai, a naɗe shi a hankici mai tsabta, in zafin ya yi daidai a ɗora kan ido a rufe minti goma, a murza fatar a hankali, a goge. Bayan Asuba da bayan La'asar, don kada a manta. Ta ƙara da maganin ɗigawa, ta kuma faɗa mata gaskiya: wannan ba ya warkewa rana ɗaya, lallaɓa shi ake yi.

Bayan sati biyu Goggo ta watsar, wai ba ta ga canji ba, ƙwan ma cinyewa take yi. Ranar Asabar sai ga Anti Asama'u a ƙofar gidanmu da hankici a jaka. Ta zauna a tabarma ta riƙe mata ƙwan da hannunta. Asabar huɗu tana zuwa.

Anti, ke ce ba ki taɓa raina ciwon da ba ya zubar da jini ba. Ke ce kika yi wa masu suya da direbobin motar haya ta danfo bayani da Hausa, da Yarbanci, har suka gane. Uwar haƙuri, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma matasa masu farar riga, kada ku tsaya a rubuta magani, ku bi mutum har ya yi abin da kuka ce.

Jiya na ce wa Goggo ta kawo in zura mata zare, kamar yadda na saba tun da ta koma ɗinki. Ta ture hannuna, ta ɗaga allura wajen taga, ta zura da kanta. Hular mijin Anti Asama'u take ɗinkawa, ta ce sai ta gama kafin ranar walimar ajiye aikin Anti.