Mai Wutar Doña Eulogia

Shekara ashirin da shida Nicanor Ledesma ya yi yana zuba gawayi a tukunyar jirgin tururin nan da ake kira Doña Eulogia. Duk Asabar da Lahadi jirgin yakan kwashi mutanen gari ya tsallaka da su kogin Paraná zuwa tsibiri, inda filin wasa yake, da lilo da dawakan katako masu zagayawa. A can ya haɗu da matarsa Herminia, tana soya kifi a rumfar bakin ƙofa.

Shekarar da kogi ya cika ya shanye tsibirin aka rufe filin, wai na ɗan lokaci. Ba a sake buɗewa ba. Aka ɗaure jirgin bayan rumbun hatsi, tsatsa ta samu abinci. Nicanor ya koma gadin makaranta har ya yi ritaya. Da Herminia ta rasu bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yaba dauriyarsa, shi kuwa ya san ba dauriya ba ce. Ya laluba cikinsa ne bai tarar da komai ba.

Bayan wata uku tsohon matuƙin jirgin, Abundio Ferreyra, ya same shi zaune a ƙofar gida, ya gaya masa tsofaffin ma'aikata sun kafa ƙungiya za su tada jirgin.

"Tashi, tsoho. Kai da jirgin duk kun ruɓe, amma shi yana gyaruwa."

Nicanor ya bi shi, don ba shi da dalilin ƙi. Shekara bakwai suna kankare tsatsa, suna zagayawa da ƙoƙon shayin mate a tsakaninsu. Sauran sukan yi ta labarin filin, waye ya yi amai a kan lilo, waye ya saci budurwar wa. Shi dai bututunsa yake gogewa.

Ranar da jirgin ya tashi, gari ya cika gaɓa. Nicanor ya hura wuta, ya ji ƙarfe ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Shiru. Da suka kai tsibiri 'yarsa Zulema ta sauko ɗakin injin ta jawo hannunsa.

Ciyawa ta kai ƙugu. Tsofaffin mata suna ta share hawaye a gaban wani ƙarfen lilo da ya karkace. Zulema ta tambaye shi inda rumfar mamarta take. Ya duba hagu, ya duba dama, ya nuna gindin wata bishiya.

"Ka tabbata, Baba?"

"A'a," in ji shi.

Duk da haka ta ajiye furannin da ta zo da su a wurin. Ya tsaya a gefenta, hula a hannu, har ta gama addu'a, sannan ya ce wuta ba ta son a bar ta, ya koma.

A hanyar dawowa ya lura wata mahaɗar bututu tana tsiyaya. Abundio na can sama yana busa usur, mutane na tafi. Nicanor ya naɗe wurin da tsumma har suka iso gaɓa. Washegari Litinin, tun da hantsi, ya zo da akwatin kayan aikinsa ya kwance bututun.