Goggo Mai Dashe Tsakanin Bajekoli Biyu

In ka shiga gidan goggona, ƙanwar babanmu, ka riƙa duban inda kake sa ƙafa. Daga bakin ƙofa har bayan ɗaki baƙaƙen ledoji ne a jere cike da ƙasa, kowace da ɗan itacenta: mangwaro, lemo, gwaiba. 'Yar hanyar da ta bari a tsakiya mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya karkace. Mai Dashe ake ce mata a unguwa. Takan shuka ƙwallo, in ya tsiro ya yi kaurin fensir ta tsaga shi da reza, ta cusa reshen bishiya mai daɗin 'ya'ya, ta naɗe da siririyar leda kamar mai ɗaure wa yaro yanka a yatsa. Auren itace ke nan, kuma abin da hannunta ya aura da wuya ya ƙi kamawa.

Shekara guda take yi tana renonsu, amma sau ɗaya tak take fita da su bajekolin kayan gona. Na taɓa tambayarta dalili.

Ta ce, "Ke, dashe ba buhun masara ba ne. Ki loda shi a mota, hanya ta jijjiga shi, ƙasar ledar ta tsage, iska ta kaɗe toho. Tafiya ɗaya yake yafe miki. A ta biyu gawa za ki sauke."

To kun ji. Wahalar shekara gaba ɗaya tana rataye ne a kan wurin da ta zaɓa.

Shi ya sa ba ta kama rumfa a bajekolin da ba ta taɓa zuwa kallo ba. Shekarar farko hannu rabbana take zuwa. Ba ruwanta da jawabin manya. Za ta zagaya ta ga inda ake samun ruwa da inda inuwa take da tsakar rana, sannan ta nemi benci a ƙofar fita ta zauna. Mijinta, tsohon direban babbar mota da muke ce wa Baba Direba, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Kowa na layi a ƙofar shiga, ke kin tafi gadin ƙofar fita. Ko sun ɗauke ki aiki ne ban sani ba?"

"Malam, ni hannuwan mutane nake kallo. Ina so in ga abin da suke ɗauke da shi in za su koma gida."

Wata shekara, bazara na tsakiyar zafinta, sai ga shugabar ƙungiyarsu ta mata manoma, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata, ta shigo tana fifita da gefen mayafi.

"Ƙawata, albishirinki! Babban bajekolin birni ya ba ƙungiya rumfa ɗaya, kuma mata sun ce ke. Mota kyauta, masauki kyauta, har 'yan talabijin za su zo."

Baba Direba, da ke kishingiɗe yana jin rediyo, ya tashi zaune. Kafin Goggo ta buɗe baki ya fara bayanin hanyar da ta fi lafiya zuwa birni.

Goggo ta ce a ba ta kwana biyu. Ta san wurin, don bara ta je kallo. Ƙaton zaure ne mai sanyi, ga manyan taraktoci suna sheƙi, ga fitilu. Amma da ta zauna a ƙofar fita, abin da ta gani a hannun jama'a hulunan talla ne da jakunkuna cike da takardu. Kuma lokacinsa da nisa kafin ruwa ya sauka.

Da yamma na tarar da ita tana aure, reza a hannu, ba ta ko ɗago ba.

"Za su saya," in ji ta. "Ba na shakkar wannan. Mutum zai saya ya jefa a bayan mota ya manta. In ya tuna, ya tona ƙasa mai zafi kamar kasko ya dasa, ya ba shi ruwa sau ɗaya. Ya mutu, ya ce dashen matar nan ba shi da kyau."

Na ce, "Ke nan ba kya son zuwa."

Sai ta ajiye rezar. "Wa ya gaya miki? Kina tsammani ni dutse ce? Ina so ko sau ɗaya a kira sunana a lasifika, 'ya'yana su gan ni a talabijin. Tun da ƙawata ta fita nake kallon atamfar da zan ɗinka a zuciyata."

Amma da kwana biyun suka cika, ta je ta ce wa shugaba a ba wata 'yar ƙungiya mai sayar da zuma rumfar, tunda zuma ba ta san bazara ba. Ita ƙaramin bajekoli za ta je, wanda ake yi a filin wata makarantar firamare can bakin gari, tsakiyar gonaki, daidai faɗuwar damina. A can ta taɓa ganin mutane suna fita da buhun iri a ka, da garma ɗaure a bayan keke.

Shugaba ta yi fushi sosai. Ta ce, "An ɗaga ki sama kin ce ke ƙasa ta fi miki." Baba Direba kuwa ya yi kwanaki ba ya tsokana, wanda a gidan nan ya fi faɗa ciwo. Ranar da aka nuno mai zuma a talabijin tana murmushi, Goggo ta ce, "Ɗaurin ɗankwalinta ya yi kyau," ta tashi ta fita ba dashenta ruwa, alhali ta riga ta ba su da safe.

Sai kuma damina ta yi jinkiri.

Ranar ƙaramin bajekolin ta zo, sama fes, ko ɗigon hadari babu. Baba Direba ya ce a fasa. Goggo ta ɗaga leda ɗaya ta nuna masa gindinta: saiwa ta huda tana neman kama ƙasar tsakar gida. In aka ƙara jira, sai an tsinke su kafin a ɗaga. Haka aka loda a akori-kura, ita tana tsaye tana cewa a hankali, a hankali, har direban ya ce, "Inna, ko ƙwai ne ai haka."

Manoma sun zo, ba laifi. Su tsuguna, su shafa ganye, su duba wurin auren, su yaba. Daga nan su ɗaga kai su kalli sama.

"Inna, kayanki sun yi. Amma bari ruwa ya sauka."

Me za ta ce? Ita ma da ita ce mai saye abin da za ta faɗa ke nan. Ranar ƙarshe masu iri da masu taki suka fara naɗe tabarmi, dashenta yana nan kusan yadda aka sauke shi. Mai akori-kura ya matso da baya.

"Inna, a loda?"

Na dubi Baba Direba, ina jiran ya ce ai ya faɗa. Cire hularsa kawai ya yi yana goge gumi.

Goggo ta ce wa direban ya dakata. Ta gyara mayafi ta nufi ofishin hedimasta. Ta gaya masa gaskiya tsaf: in aka mayar da su gida mutuwa za su yi, amma ga bishiyoyi a bayan azuzuwa, ga famfo kusa. Ya bar mata wurin har ruwa ya sauka, ita kuma ta dasa wa makaranta mangwaro a jikin shinge. Hedimasta ya yi dariya ya ce da ma rana na cin yaransa a filin nan. Daga nan ta je ta tare mai sanarwa yana shirin kwance lasifika, ta sa ya faɗa wa sauran jama'a cewa dashe yana nan bayan aji, ranar da aka samu ruwan shuka mai so ya zo.

Tun daga ranar, kullum da sassafe sai ka ga tsohon babur ɗin Baba Direba ya nufi bakin gari, Goggo a baya rungume da bokiti.

"Ni da na tuƙa tirela ƙasa-ƙasa," yake cewa, "yau na koma direban bokiti."

"To sauke ni in taka."

"Zauna dai. Wa zai iya da surutun unguwa?"

Shi ne kuma, ba wanda ya sa shi, ya zaƙulo tsohon tampol ɗin motarsa ya ɗaura musu rumfa ta gefen da rana ke bugawa da yamma. Duk da haka wasu sun tafi, musamman lemo, da bai jure ba. Goggo takan ɗauke mataccen ta zazzage ƙasar, ta ninke ledar.

Aka daɗe ana jira, har mutane suka fara magana ƙasa-ƙasa. Sannan ruwa ya zo, irin mai cika kwata. Washegari babur ya ƙi hanya saboda taɓo, suka ƙarasa da turi. Suna shan kwanar makaranta suka hango kekuna da babura da amalanke a bayan aji, manoma tsaye da laka har gwiwa, mai gadi ya tare su da sanda yana cewa ba mai taɓa ko ganye sai mai kaya ta zo.

Kafin azahar wurin ya zama fili. Goggo ba ta bar kowa ya tafi ba sai da ta nuna masa zurfin ramin da zai tona, da yadda zai bar wurin auren a saman ƙasa. Baba Direba kuwa ya zama sarkin lodi, yana ɗaure wa wani ledoji a bayan babur yana yi masa faɗa.

"In ka zo gargada ka rage wuta, ka ji ko? Shekara guda matar nan ta yi a kansu."

Da za su tafi ya ɗaga babur ya ce, "To, Mai Dashe, baɗi kuma ina muka nufa?"

Ta dafa ƙugu ta hau da ƙyar. "Malam, kai ni gida tukuna. Bayana kamar ba nawa ba."