Ranar da Aka Tambaye Ni 'Ya'yana Nawa

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida matar mai unguwa ta yi sallama, mata biyu na biye da ita. Labarinsu ya riga su isowa. Wai daga birni suke, suna bin gida-gida tun daga garin Ƙofa har garinmu na nan kusa da Bagauda, suna tambaya a kan marayu da yaran riƙo. Maƙwabciyata ta rantse mini ta katanga cewa duk yaron da suka ji ya rame, mota za ta zo ta kai shi gidan marayu, sai dai uwarsa ta ji labari. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san me ake nufi da bincike ba. Abin da na sani, ina da 'ya a hannun riƙo, kuma ta rame.

'Yar farina ce. Da aka yaye ta, yayar maigidana, wadda duk gidan muke kira Goggo, ta goya ta ta tafi da ita ƙauyensu can Doguwa, bakin dajin Falgore. Allah bai ba Goggo haihuwa ba. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa. In ta yi, sai a yi ta yi da ita a gidan biki.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar sunan ƙaninta ne. Ta gefen ido na kalle ta, don haka aka yarda in kalla. Na ga faso a dugaduganta irin na tsofaffi. Na ga tabon ƙuna a bayan hannunta, wani ya warke, wani ɗanye. Da aka ba yara waina, ta ci ɗaya, ta ƙulle sauran a bakin hijabinta. Yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Suka koma, ni kuwa abinci ya daina wuce mini. Maigidana shi ma kunyarta yake ji. Da na fara zancen sai ya ɗauki buta ya ce lambu na jiransa.

Aka shimfiɗa wa baƙin tabarma. Inna, uwar maigidana, tana ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ba ta da niyyar tashi. Babbar cikin baƙin ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta juyo gare ni. Ta ce ba sa raba komai, ba kuma dole in amsa. So suke su san yadda yara ke zama a gidajen da ba na iyayensu ba.

"Maman jariri, 'ya'yanki nawa?"

"Biyu," na ce.

"Babu wanda yake riƙo a wani gida?"

Matar mai unguwa ta kwashe da dariya. "Kai, Malama! 'Yar fari ce fa. Ko za ki kwana nan ba za ta amsa miki ba."

"Na sani, Hajiya," in ji Malamar. "Ni ma 'yar fari ce. Har yau in tsohuwata za ta kira ni, sai dai ta ce 'ke wannan'." Ta gyara zama. "Mun shiga gidajen da ɗan riƙo ya fi 'yan gida gata. Mun shiga waɗanda ba haka ba. Abin da nake tambayar kowa shi ne, in wani abu ya sami yaron riƙo, wa yake fara gani? In ya gani, wa yake gaya wa?"

Ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannun Inna, ƙas, ƙas. In na yi magana, Goggo, 'yarta ta cikinta, na kai ƙara wajen baƙi. In motar nan gaskiya ce, na rasa yarinyar gaba ɗaya. In na yi shiru, ta ci gaba da ƙonewa a inda ba na gani.

"Malama," na ce, muryar kamar ba tawa ba, "in mutum ya faɗa, ɗauke ta za ku yi?"

"Ba ma ɗaukar ɗan kowa. Ba mu da wannan ikon. In abin ya fi ƙarfin gida, sai mu nuna miki inda za ki kai kuka a ƙaramar hukuma."

Sai na faɗa. Fason, ƙunar, wainar da aka ƙulle a hijabi. Idona na kan faifan shinkafa. Ban san lokacin da Inna ta daina ɓara ba. Na dai ga matar mai unguwa ta ja mayafi ta rufe baki. Malamar ta tambaya ko ina so su je can. Na ce a'a da sauri. Ta ce to, a fara da gida, za ta sake leƙowa kafin su bar yankin.

Bayan fitarsu Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Na ɗora tukunya na manta ban zuba gishiri ba. Duk motsin da na ji, sai in ce yanzu za a aika lambu a kira ɗanta, a ce in tattara kayana. Sai bayan la'asar ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ke kaɗai Allah ya ba ido?"

Ta ci gaba.

"Na ga ƙunar. Na kuma ga abin da ba ki gani ba. Mai riƙon nata, an ajiye mata kofi a gabanta, lalube ta yi ta yi kafin ta same shi. Wa zan gaya wa? Ita ma 'yar farina ce. Tun da na haife ta ban taɓa zaunar da ita na ce me ke damunki ba."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, duk zamana a gidan.

Ranar kasuwa Inna ta yafa mayafi ta shiga motar Tudun Wada, daga can ta nemi ta Doguwa. Ta ce wa ɗanta ƙafa ke damunta, jikarta za ta ɗauko ta riƙa miƙo mata ruwan alwala. Jika kam ba kunya tsakaninsu, tana iya kiran sunanta har a tsakiyar kasuwa. Kwanakin da ta yi can, ko goyo na sauke sai in tsinci kaina a zaure ina leƙen hanya.

Su uku suka dawo, yarinyar na riƙe da hannun Goggo tana ce mata ga dakali nan, ɗaga ƙafa. Ashe yanar ido ce ta rufe wa Goggo gani. Mijinta ya tafi ci-rani, ita kuma ta ɓoye, don tsoron kada a karɓe mata 'ya. Yarinyar ce ke hura wuta, ta sauke tukunya, ta bi matan ƙauye bakin daji neman itace. Wainar nan ma, Goggo yarinyar ta ƙulle wa.

An kai Goggo asibiti, ido ɗaya ya buɗe. Ta ji abin da na faɗa wa baƙi, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da Malamar ta sake leƙowa, Inna ce ta tare ta da hira, ni ina gefe.

Yarinyar har yanzu ɗakin Goggo take kwana, ita take kira Umma. Ni Yaya take ce mini. In gida ya yi shiru da hantsi, nakan ja ta bayan rumbu, in ɗora ƙafarta a cinyata in shafa mata man kaɗanya. Rannan Inna ta zagayo ta same mu. Ta dubi rumbun, ta ce gara ta fara cin gindinsa, ta wuce abinta.