Akwati na Bakwai

Akwatuna bakwai nake da su a cikin kabad ɗin ɗakina a Birnin Gwari, kuma maiɗakina ta daɗe da raɗa musu suna lefen Malam. Idan baƙuwa ta hango su ta cikin gilashi ta tambaya, sai ta ce mata kada ta taɓa, har yanzu amaryar ba ta tare ba. Babu atamfa ko ɗaya a ciki. Faya-fayan kiɗan jaz ne na wani mai busa ƙahon Turawa, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya daɗe da rasuwa. Bayan mutuwarsa aka bi duk abin da ya taɓa busawa a sutudiyo, har da inda ya fara ya ɓata ya tsaya, aka tattara aka jera a cikin akwatuna masu kyau, kowanne da littafinsa mai hotuna. Ni kuwa, malamin labarin ƙasa a makarantar sakandare, na ɗora wa kaina aikin mallakar su duka.

A Zariya na kamu da cutar, ina ɗalibi. Abokin ɗakina ya gama karatu ya tafi ya manta da wani kaset, na yi ta juya shi har zaren ya tsinke, na liƙe da jan farce, ya sake tsinkewa. Da na dawo gida na kama aiki, sai ɗan yayata da ke zaune a ƙasar waje ya zama hanyata. Shi ke aiko da akwati Kaduna, wani direban da na sani ya ɗauko min a gaban mota. Ranar da zai iso nakan wuni a tasha, ina sayen rake ina sha ba don ina so ba.

Shekaru na yi ina saurare ni kaɗai. Na taɓa kunna wa abokan aikina a ofishin malamai, malamin lissafi ya tambaye ni yaushe za a fara waƙar, alhali an kusa gamawa. Ban sake ba. Mai nonon da ke shigowa gidanmu daga rugarsu ta bakin daji ta fi su gaskiya, ita ta ce ɗan maraƙi ne ya ɓace wa uwarsa, kuma ta ce tana jin tausayinsa.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro, na fito da sifika ɗaya na ɗora a kan benci, sai na lura da wani dattijo ya tsaya a bakin hanya riƙe da keke, da buhun doya wofi a ɗaure a baya. Na zaci tambayar hanya zai yi. Bai yi sallama ba sai da busar ta ƙare, sa'annan ya matso ya ce mutumin nan leɓensa ya gaji, da ya huta kafin ya hau sama. Na dubi littafin akwatin. An rubuta cewa wannan ita ce ɗaukar sauti ta ƙarshe a ranar, bayan an wuni ana aiki.

Gbagyi ne, manomin doya daga wani ƙauye ta wajen Kusasu, kuma ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana busa ƙaho a rukunin makaɗan 'yan sanda kafin ya ajiye kaki ya koma gona. Kowa Saje yake ce masa, ni nakan ce Baba Saje. Bai taɓa jin kiɗan jaz ba sai ranar, bai kuma damu ya san sunan mai busar ba. Abokina yake ce masa. Daga wannan rana duk ranar kasuwa idan ya sayar da doyarsa sai ya biyo, in shimfiɗa tabarma, maiɗakina ta aiko da kunun zaƙi, mu saurara. Idan an kira magariba in tashi in yi alwala, shi kuma ya hau kekensa.

Shi ya kafa dokokin, ba ni ba. Faifai ɗaya a kowace kasuwa, ko da ya yi daɗi ba a ƙari. Ba a magana sai an gama. Sabon akwati kuma ba a buɗe shi sai mu biyu muna zaune, shi ne zai yanke ledar da wuƙarsa ta yankan irin doya, a hankali, ta gefe, kada ya ji wa kwalin ciwo. Akwati na huɗu, da na biyar, da na shida, duk haka muka buɗe su. Nakan yi fushi a raina idan akwati ya iso washegarin kasuwa, in yi mako ina kallonsa, amma ban taɓa karya dokar ba.

Kafin in san shi ina tsammanin na iya saurare. Ashe tarawa kawai na iya. Na haddace ranakun da aka yi kowace ɗauka, na san wanda ya kaɗa ganga a wace shekara, ina shafa littattafan da tsumma, amma Saje ne ya nuna min inda mutumin yake jan numfashi. Yakan ɗaga yatsa ɗaya, in na kasa kunne sai in ji ɗan shaƙar iska kafin sauti ya fito. Yakan ce a nan ya ji tsoro, a nan ya yi fushi da mai fiyano, a nan kuma ya yafe masa. Akwai wata waƙa da aka ɗauka sau biyar, aka fitar da ta biyar ga duniya. Saje ya rantse ta huɗu ta fi, ya ce wanda ya zaɓa kurma ne. Muka yi shekara muna wannan gardama, ni ina kare mutanen da ban sani ba don kawai littafi ya ce sun yi daidai.

Abin da ya fi so shi ne tsakanin ɗauka da ɗauka. Kiɗa ya tsaya, kujera ta yi ƙara, wani ya yi tari, wani ya yi dariya can nesa, sai shiru. Ya ce min a duk rayuwarsa ta busa bai taɓa samun ɗaki mai shiru irin wannan ba, ɗakin da mutum ba ya jiran komai sai sautin da zai fitar. Lumshe ido yake yi a wurin, har bakinsa ya ɗan buɗe. Maiɗakina ta sha leƙowa ta zaci barci ya ɗauke shi.

Sai daji ya lalace. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya sani, wanda bai zauna ba kuma ya ji a rediyo har ya gaji. Mai nono ta daina zuwa, aka ce rugarsu ta tashi. Ɗalibaina na ƙauye suka riƙa raguwa a aji. Akwati na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe, ya yi watanni a Kaduna saboda direban ya daina bin hanyar sai ranar da ya samu rakiyar sojoji. Da ya miƙo min shi a tasha ya dube ni ya ce, Malam, wai a kan wannan kake ta kira na? Na ji kunya, na kuma rungume akwatin na tafi gida da sauri.

A lokacin Saje ya yi kasuwa uku bai zo ba. Na same shi a wayar ɗansa da ƙyar, ya hau tudu ne kafin ya ji ni. Na ce masa na bakwai ya iso, faifai takwas ne a ciki. Ya yi dariya, ya ce in ajiye, da zarar an cire doya hanya za ta yi sauƙi. Abin da na ji na ƙarshe kafin layin ya yanke shi ne, “Kar ka buɗe, Malam. Wuƙan yana nan.”

Damina biyu akwatin ya yi a cikin ledarsa. Maiɗakina ta ce in buɗe in saurara, idan Allah ya kawo shi sai mu sake ji tare, faifai ai ba tuwo ba ne da zai ƙare. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Na gaya wa kaina alkawari nake riƙewa. Gaskiyar ita ce na ɗauka muddin ledar nan ba ta yage ba, to akwai wata ranar kasuwa da ke jiranmu a gaba, da mangwaro da kunu da komai yadda yake. Sauran shidan ma na daina taɓa su, na ce sai ya zo.

Ya zo, amma ba a kan keke ba. Wani tsohon ɗalibina ya gaya min ya gan shi cikin mutanen da suka shigo gari a ƙafa, yana zaune a gidan wani ɗan'uwansa bayan coci. Na je. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ɗansa, mai wayar nan, ya tafi gona wata safiya bai dawo ba, kuma har suka baro ƙauyen ba a ji labarinsa ba. Na yi masa jaje, na koma washegari na sake yi. A rana ta uku, Allah ya yafe min, na ce masa akwatin yana nan fa, ban buɗe ba. Ya daɗe yana kallona, sa'annan ya ce to, zai zo ranar kasuwa.

Na share ƙarƙashin mangwaro da kaina. Na cika batir tun safe, na goge sifika, na sa aka dama kunu. Da ya zauna na miƙa masa akwatin, ya shafa aljihu, sai ya tuna wuƙar tana can a ƙauye tare da keken da komai. Maiɗakina ta miƙo ta yankan albasa. Ya yanke ta gefe yadda ya saba, bai taɓa kwalin ba.

Na saka faifai na farko. Kujera ta yi ƙara, wani ya ƙirga, ganga ta shigo a hankali, sai ƙahon. An toshe bakinsa, sautin siriri ne, kusa da kunne. Shekara biyu nake jiran wannan, kuma ya fi yadda na zata. Na waiga in ga yatsan nan ya ɗaga.

Idonsa a buɗe yake. Ya karkatar da kai, amma ba wajen sifikar ba, wajen titi. Ya yi min alama da hannu in rage, na rage. Ya sake yi, na sake ragewa, har ƙahon ya koma kamar kukan sauro. Bai kai minti uku ba ya karya dokarsa da bakinsa.

“Malam, kashe shi.”

Na ce, “Baba Saje, bai yi ba ne?”

“Ya yi. Abokina bai taɓa busa kamar wannan ba. Amma ba na jin hanya.”

Na kashe. Sai ya gaya min yadda suka zauna a ƙauye a shekarun nan biyu, yana magana yana kallon titi. Kowa ya ajiye rediyonsa. Mata suka koma yin daka bi da bi, turmi ɗaya a lokaci guda, don kada ƙarar taɓarya ta rufe kunnen gari. A coci suka daina kaɗa ganga. Shi da yake an san yana da kunne, shi aka ba aikin zama a kan dutsen bayan gari yana saurare. Babur ɗaya mutum ne, biyu ma mutane ne, daga uku sai ya buga ƙarfe kowa ya shiga ciyawa. Ya ce yana iya jin su tun suna bakin rafi, ya san na garinsu da wanda ba na garinsu ba. Ranar da ɗansa ya tafi gona, jikarsa ce ta zo kan dutsen tana rera masa waƙar da ta koya, ya biye mata na ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa maiɗakina ba sai yanzu da nake rubutawa, shi ne da na danna maɓallin kashewa daɗi na ji. Kafaɗuna suka sauka. Ashe ni ma tun da aka fara busar rabin kunnena yana ƙarƙashinta, yana laluben abin da take rufewa. Ni da nake cikin gari, ni da ban hau dutse ba, ban rasa ɗa ba.

Na gwada ni kaɗai bayan haka, sau da yawa. Na rufe ƙofa da taga, na ɗauko akwati na biyu wanda na haddace, na saka ɗauka ta huɗu da muka yi gardama a kanta. Ban taɓa kai ƙarshenta ba. Da an zo wurin shirun nan da Saje yake lumshe ido, sai in miƙe in leƙa waje. An ce abubuwa sun ɗan lafa, motoci suna bin hanyar Kaduna, wasu sun koma gona. Na ji, na kuma gode wa Allah. Kunnena ne bai ji ba. Ina da duk abin da mutumin nan ya busa a rayuwarsa, na tara shi kaf, babu abin da ya rage in nema, kuma faifai bakwai na cikin akwatin ƙarshe ko fito da su daga rigarsu ban yi ba. Ba na tsammanin zan yi.

Saje yana zuwa har yanzu, duk ranar kasuwa, ko da yake ba shi da doyar sayarwa. Nakan shimfiɗa tabarma, in fito da akwati na bakwai in ajiye a tsakaninmu, in ɗora sifika a kan benci ba tare da na haɗa waya ba. Maiɗakina ta daina kiran su lefe. Yakan ɗauki littafin ya duba hotunan, ya ajiye. Mu sha kunu. Dokar hana magana tana nan, ita kaɗai ta rage.

Makon jiya muna zaune sai na ga yatsan nan ya ɗaga, karo na farko tun dawowarsa. Na kasa kunne yadda ya koya min. Can nesa, ta wajen hanyar Kutemeshi, na ji kukan babur, siriri, yana tahowa. Muka riƙe numfashi har ya matso.

“Ɗaya ne,” in ji Saje.

Na ce, “Ɗaya ne.”

Ya sauke yatsan, ya ɗauki kofinsa.